Agogon Ƙaramar Tasha

…kuma ba butar ce ta dame ni ba, Uwata, buta ai ta tsufa, ko ban manta ta a kan wuta ba kwananta ya kusa ƙarewa. Kallon da kika yi mata ne. Kika ɗaga ta da yatsa biyu, gindinta baƙi ƙirin, mariƙin ya narke, kika ajiye ta a bakin ƙofa. Washegari maganar ɗaki ta taso. Ɗakin nan na bayan garejin mijinki, mai taga ɗaya, wanda aka yi wa fenti tun kafin a tambaye ni.

Na ce a'a. Kika ce, Baba, kai kaɗai a gidan nan? Na ce to ga sharaɗi: zan zo wurinki da ƙafata, a jirgin ƙasa, ba mai saurin ba, ƙaramin nan da ke tsayawa a kowane ƙauye, har da canjin jirgi a hanya. Ba direba, ba ɗan rakiya. In na iso da jakata a hannu, kin bar ni a gidana. Kika yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "In ka iso lafiya, Baba, na bar maganar. In ba ka iso ba, kai ma ka bar gardama." Mun yi hannu a kai kamar 'yan kasuwa. Ni da na yanke miki farce kina jaririya.

Ga ni kuwa. Canjin ma na yi shi, ban tambayi kowa ba. Na sauka, na haye gadar sama a hankali, hannu ɗaya a ƙarfe, na sami taragon da ya dace, na sa jaka a saman kaina, magani da waya da tabarau na karatu duk a aljihunta na gaba, na ja zif. Na sake duba zif ɗin. Kujerar taga. Wane tsohon da hankalinsa ya fara tafiya ne zai yi wannan?

Gonaki… an gama girbi, ƙasa ta yi launin bargo. Wani mutum a kan keke yana bin gefen dogo, ya kusa yin daidai da mu, sai tudu ya cinye shi. Shanu a bakin kududdufi, ɗaya ta ɗago kai, sauran ba su ga abin ɗagowa ba. Wanki a kan igiya bayan wani gida — riguna duk na yara, babu ta babba ko ɗaya. Jirgin yana tafiya kamar mai neman abin da ya yar. Haka nake so. Mai saurin nan da mijinki ke yabo, ka shiga a gari ka fita a gari, ba ka san an yi ƙasa a tsakani ba.

Matar da ke fuskantata ta rungume kan keken ɗinki a cinyarta, naɗe cikin zane, kamar jariri. Ta ba ni lemo na ƙi, ta sake miƙowa na karɓa.

"Baba, kai kaɗai aka sako? 'Ya'yanka ba su da tausayi."

"Tausayinsu ne ya yi yawa."

"To ko zance za ka? Irin wannan kwat da guga haka, amarya ta caɓa."

Na ce amaryar tana aji biyu a firamare, kuma ta ce ta fasa, wai na cika tsufa. Ta yi dariya har keken ya kusa zamewa. Kin ga? Ina magana da mutane, ina ba da amsa daidai, har ba'a ina mayarwa. Da ma kina nan ki rubuta.

Kwat ɗin… Fada ne ya koya mana guga da cokali mai zafi, a makarantar mishan, lokacin da wandonmu ɗaya ne. Dogon mutum mai jan wuya, agogo a aljihun ƙirji. Wanda ya makara ya tsaya a rana riƙe da allonsa a ka. Ni aka ba ƙararrawa saboda ni na fara iya karanta fuskar agogo, sai na zama yaron da kowa ke harara da safe. Ban damu ba. Akwai daɗi a ce kai ne kake faɗa wa mutane lokacin da gari ya waye a hukumance. Daga can aka miƙa ni ga Maigidana, mai agogon layin dogo, mutumin da bai taɓa yaba mini da baki ba, sai dai ya yi gyaran murya in na yi daidai.

Wata tasha. Fenti ya ɓare a jikin allon suna. Wata yarinya tana sayar da ruwa, ba wanda ya saya. Agogonsu na lantarki ne, jajayen lambobi, ba ruwana da shi.

Ba ki taɓa ganina a bakin aiki ba, Uwata, ke dai kin san Baba ya tafi, Baba ya dawo yana warin mai. Wannan layin nawa ne. Kowace tasha da agogonta na bango a ƙarƙashin rumfa, kowanne da halinsa — wani rowa gare shi, yana riƙe lokaci, wani almubazzari, wani in damina ta sauka sai ya yi ta nishi. Ina tafe da babban agogon aljihu da aka saita a hedikwata. Jirgi na tsayawa in dira, in ɗauko tsani a bayan ƙofar mai tasha, in buɗe gilashi, in wana, in tura dogon hannu da ɗan yatsa, kullum gaba, ba a taɓa mayar da shi baya, in taɓa lilon ya kama kaɗawa, in rufe. Mai tuta yana tsaye yana kallona. Ba ya ɗaga tuta sai ƙafata ta taka matakalar tarago. Doka ce ko al'ada ce, ban taɓa tambaya ba. Jirgi ba ya tashi ya bar mai agogo. Manyan mutane a tarago na ɗaya suna leƙe suna tsaki, ni kuwa ina goge gilashi da hanki, ban ga abin gaggawa ba.

Kogi. Ruwan ya janye, ya bar yashi fari da sawun dabbobi. Gadar ƙarfe tana amsa ƙafafun jirgi da muryar da na sani. Mahaifiyarki ba ta son gadar nan, takan rufe ido ta kama hannun rigata, ta ce in mun haye ka gaya mini. Wani lokaci nakan ƙi faɗa, mu yi nisa cikin gonaki idonta a rufe… ta buɗe ta ce, kai dai Allah ya shirye ka. Kujerarta tana nan a falo inda ta bar ta, ƙafa ɗaya da ɗan katako a ƙarƙashi. Ɗakin bayan gareji ba zai ci kujerar da gado ba, na auna da ido. Teburin aikina kuwa ba a ma maganarsa.

Rana ta karkato ta taga. Mai keken ɗinki ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Duwatsu sun fara, jirgin yana hawa yana huci, bishiyoyi suna matsowa har ganye na shafar gilashi. Saura tasha kaɗan. Kina can yanzu kin fara shiri, kin ce wa mijinki ya fito da mota, kin sa an share ɗakin — na san kin sa, ko da wasa. Zan sauko in miƙa miki jakar in ce riƙe mini, ba don ta yi mini nauyi ba. In ga fuskarki.

Muna rage gudu. Tankin ruwa a kan ƙafafunsa na ƙarfe, babu ruwa, tsatsa ta ci gefe. Rumfar kwano. Benci kore. Na san wurin nan, nan ne mai tasha yake kiwon zabi a bayan ofis, nan ne…

Yana nan.

Ba su cire agogon ba. Farar fuska, baƙaƙen lambobi, tsagin nan a gefen gilashi da na yi ta kai rahoto ba a canza ba. A tsaye yake. Hannuwan sun sunkuya ƙasa kamar an yi masa faɗa. Tun yaushe? Mutane suna wucewa ta ƙarƙashinsa da buhuna, ba mai ɗaga kai. Wa ke da tashar nan yanzu? Almubazzarin ne wannan, mai gudu, bai taɓa tsayawa ba ko sau ɗaya a hannuna. A wana shi kawai yake so. Abin da ba zai ɗauki komai ba.

Matakalar tarago ta yi tsayi, sun ƙara mata tsayi. Dandamali da zafi ta tafin takalmi. Ƙofar ofis a kulle, babu tsani, to benci ya isa. Gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, hannu a ginshiƙi. Makullin yana cikin zoben makullaina, ɗan ƙarami mai baki huɗu, bai taɓa barin aljihuna ba. Ya shiga. Ya juya — ka ji, kamar jiya. Maigida zai ce a fara goge ƙura kafin a taɓa komai. Gilashin ya buɗe da kuka.

Babu komai a ciki.

Babu lilo, babu sifirin ɗin da ake wanawa, babu ƙafafun tagulla. An kwashe. Ciyayi busassu, gashin tsuntsu, ɓawon ƙwai. Hannuwan an ɗaure su da waya ta baya don kada su faɗo. Fuska ce kawai aka bari a bango.

Usur. To, ku dakata, ban rufe ba. Mai tuta ya sani… ina mai tutar? Ƙofofin jirgin suna rufe kansu, babu hannun kowa a kai. Na ɗaga hannu. Taragon farko, na biyu. Ga tagata, ga mai keken ɗinki ta farka, ta gan ni a tsaye kan benci hannu a sama, ta yi murmushi ta ɗago nata hannun tana kaɗawa. A saman kanta jakata, zif a rufe da kyau.

Ya shige tsakanin duwatsu. Ƙarar ta daɗe ba ta mutu ba.

Saukowa ta fi hawa wuya. Na rufe gilashin tukuna, na kulle, ba a barin agogo a buɗe. Na zauna. Takalmina ya bar sawu a kan benci, na share da hanki. Inuwar rumfa ta kai gwiwata. Wata akuya tana cin takarda a tsakanin dogo. Wurin yana da kyau, gaskiya, dutse ta ko'ina, iska mai sanyi tana saukowa. Shekaru ina wucewa ban taɓa zama ba.

Jirgin zai isa. Za ki tsaya a bakin dandamali kina duba ƙofa ɗaya bayan ɗaya, mutane su ragu, su ƙare. Sai wata mata da keken ɗinki a hannu ɗaya, jakata a ɗayan. Za ki kira wayata ta yi ƙara a cikin jakar.

Zan iya cewa ƙafa na sauka in miƙe. Zan iya cewa ruwa na je saya. Tsofaffi da samari duk jirgi na barinsu, ba a kai kowa bayan gareji a kan haka ba. Kina iya yarda ma, kina son ki yarda. Amma ni na san abin da ke kaina a kan bencin nan. Ban yi tunaninki ba. Ban san da ke ba. Ina sauri ne in gama kafin Maigida ya leƙo ta taga, kuma ina lissafin in mun koma da wuri zan biya in saya wa mahaifiyarki zaren da ta ce, tana da cikin fari. Cikinki. Ba mantuwa ba ce irin ta buta, Uwata. Can nake, ɗungurungum, kuma da daɗi.

Wata mata da tsintsiya ta tsaya a gabana, ta dubi agogon, ta dube ni.

"Baba, jirgin ya bar ka? Babu wani sai gobe fa. Wa za a kira maka?"

Ta ciro waya daga ɗaurin zaninta, gilashin a fashe. Na faɗi lambarki. Tiryan-tiryan na faɗe ta, ban yi tuntuɓe ko a guda ba, har matar ta ce, a'a, Baba ai kanka garau yake. Ta danna, ta kara mini a kunne da hannunta, hannun yana warin ƙura da sabulu.

Tana shiga. Ruwa na je saya… ƙafa na sauka in miƙe… wanne ne ma ya fi kama da gaskiya? Kujerar mahaifiyarki dai, ko a tsaye ne, in aka matsa gadon jikin bango…

"Salamu alaikum? Wa ke magana?"

Muryarki ke nan. Na buɗe baki.