Ƙofar da Dattawa Suka Zaɓa

Tun ranar da aka aza tubalin farko na sabon coci matar Tela ta ce masa, "Baban Auta, ginin nan zai ba ka kunya." Ya ce ta kwantar da hankalinta, a cocin Presbiteriyan komai bisa tsari ake yi.

'Yan cocin sun daɗe suna sujada a shagonsa, tsakanin kekunan ɗinki, kafin su sami fili a bakin gari inda ba kowa sai awaki. A cocinsu fasto ba ya yanke magana shi kaɗai, sai dattawan ikilisiya sun zauna sun ɗaga hannu. Tela kuwa dattijo ne, kuma ba wanda ya kai shi son zama. Shi ya tayar da maganar inda ƙofa za ta fuskanta, don yana so 'yarsa Auta ta zama amaryar farko da za ta shiga, duk unguwa na kallo. Aka zauna, aka ɗage, aka sake zama, har damina ta wuce. Ya yi nasara: gabas.

Gari bai jira su ba. Kafin a kai ga rufi, wani mai sayar da taya ya tayar da bene a gabas ɗin, bangonsa ya tsaya ƙiƙam a gaban ƙofa. Abin da ya rage ɗan lungu ne, sai mutum ya bi a karkace.

Magini ya ce, "Dattijo, ka ce in fasa wata ƙofar ta yamma kawai, yau ɗin nan na gama."

"Ni kaɗai? Sai dattawa sun zauna."

"To ai kai ne ka nace..."

"Na sani, malam. Na sani."

Ga rigar amarya, shi ya ɗinka da hannunsa, buɗaɗɗiya kamar laima. Ya rungumo ta ya je gwada lungun, ya maƙale a tsakiya, shi da tumbinsa da rigar. Mai taya ya leƙo daga sama.

"Baba, kai ne amaryar?"

A gida Auta ta ce, "Baba, ni ko ta taga sai in shiga." Uwarta ta ce, "Ko ka rage rigar, ko ka rage taurin kai."

Ya kira zaman gaggawa. Dattijo ɗaya ya yi tafiya, ɗaya na jinya, waɗanda suka zo ba su isa yanke magana ba. Dokar nan ma shi ya kawo ta bara.

Ɗaurin aure ranar Asabar ne. Har yanzu ba wanda ya san ta inda amarya za ta shiga.