Ɗigon Wancan Yaron

Yayata Balkisa ba ta taɓa faɗin sunan Hamidu ba. Ɗanta ne na fari, kuma a ƙasarmu ta Kurfai uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta tambayar lahiyarshi gaban mutane. "Wancan yaron" take cewa, ko da shina zaune gabanta shina shan hurarta.

To, wancan yaron ya tahi Aljeriya neman aiki. Da farko shina rubuto mini, don ni ke da shagon hotokofi kusa da tashar Filingue, da ordinatar guda, wato kwamfuta, mai nishi kamar tsohon jaki. Sai dai Hamidu ba ya zama wuri ɗaya: yau ya rubuto ta wannan kafar hira, gobe ta waccan. Da damina ta faɗi, sai shiru. Anka ce an kwashe baƙi daga Aljeriya an zubar a hamada. Babu wanda ya san ko da shi.

Na gaji da buɗe kafofin ɗaya bayan ɗaya, ordinatar na suma a hanya. Sai na sa wata manhaja wadda waɗanda sunka rubuta ta sunka bar cikinta a buɗe, kowa ya ɗauka ya gyara. Ita ke tara kafofin duka a taga guda. Kowane suna da ɗigo a gehenshi: toka-toka in mutum ba ya nan, kore in ya shigo ta ko'ina. Na sauya sunan Hamidu ya koma "Wancan yaron", don in iya karanta mata ba tare da ta tashi ta gudu ba. Na kuma sa in ya shigo ordinatar ta yi kukan zabo, don zabi yake kiwo tun shina ƙarami.

Kowace Lahadi, ranar kasuwa, Balkisa ta taso daga ƙauye ta aje kwandon kuɓewarta a ƙofata, ta tuɓe takalmi ta zauna.

"Tahiru, ina labarin Isufu na Kwatano?"

"Lahiya lau, Yaya."

"Ɗiyar Asabe da ke Yamai hwa?"

Haka za ta bi dangi kaf, har da waɗanda ba ta gaisawa da su. Idonta kuwa na kan ɗigo guda. Ba ta iya karatu ba, amma ta san layinshi sarai.

Wallahi abin ya riƙa ba ni haushi. Ran nan na ce, "Haba Yaya! Mu biyu ne a shagon nan. Ki tambaya mana, wa zai ji?"

Ta ce, "In tambayi mi? Inuwa na shigo sha."

Inuwa! Shagon kwano, da rana tsaka.

Munka ci gaba da shan inuwa har anka yanke hatsi. Ni kam har na fara tunanin yadda za a yi zaman makoki babu gawa.

Wata Lahadi ina cire takardar da ta maƙale a inji, sai zabo ya yi kuka. Balkisa ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ni ma, don wauta, na leƙa. Sannan munka dubi ordinatar. Ɗigon ya zama kore.

Rubutu ya fito: "Kawu, ina raye. Waya anka ƙwace. Inna na nan?"

Na karanta da ƙarfi. Ba zan ɓoye ba, hawaye na yi.

"Yaya, mi zan ce mishi?"

Ta gyara kallabi. "Ka ce mishi wa ya tambaye shi."

Na rubuta hakanan, ban rage ko harafi ba. Amsa ta zo nan take: "Alhamdu lillahi. Ashe tana kusa."

Balkisa ta miƙe ta ce rana na yi, kuɓewa ba ta sai da kanta. Ta fita, ta bi tsakiyar kasuwa a natse, tana gaisawa da mutane. Kwandon na nan a ƙofa inda ta aje shi, takalminta na gehenshi. Yashin nan mai ƙuna, har ta sha kwana ba ta lura ba.