Hannun Baba a Rami na Shida

Mako uku maigidana Surajo ya yi yana fama da kan injin nan a garejin gidan da muke haya a Pleasant Garden, wani ƙaramin gari a ƙasar waje, cikin zafin shekarar 1983. Ni da ban san komai game da mota ba sai da na haddace karatun, don ko tuwo yake ci zancen ke nan. Kan inji shi ne murfin ƙarfen da ke saman injin, yana da ramukan da iska da fetur ke bi su shiga. In aka faɗaɗa ramukan aka goge su, inji zai sha iska sosai, mota ta ƙara gudu. Matsalar ita ce a bayan bangon kowane rami akwai hanyar ruwan da ke sanyaya inji. In ka ci ƙarfe ya wuce kima ka huda, to kan ya tashi aiki.

Kan ba namu ba ne. Na Mista Odell ne, wani dattijon baƙar fata mai shagon gyaran injuna a East Greensboro, kuma na wata tsohuwar motarsa ne da aka daɗe da daina yin irinta. Ya ce wa Surajo ya kai masa ranar Litinin. In aikin ya yi kyau, zai ɗauke shi a shago. Shekara huɗu bawan Allahn nan yana sharar ƙurar auduga a masaƙa da takardar makanikanci a akwati, saboda haka kowa ya san abin da Litinin ɗin take nufi a gidanmu.

Surajo mutum ne mai tsanaki har ya ba ka haushi. Sai da ya samo wani mataccen kai mai kama da wannan, ya sa aka tsaga shi biyu, ya auna kaurin kowane bango. A nan ya gano rufin ramin ya fi ko'ina siranta, ya shafa wa wurin jan fenti a mataccen kan da na Mista Odell duka don kada ya manta. Rami biyar ya gama lafiya, saura na shida.

Ana cikin haka Baba ya zo daga Kano ganin mu. Mahaifina shekara arba'in ya yi yana gyaran manyan motoci a Ƙofar Ruwa, kuma bai iya ganin ƙarfe ya wuce ba. Tunda ya iso Surajo ya daina cin abinci a falo. In sun haɗu a ƙofa sai ya durƙusa, ido a ƙasa, ko sunan Baba ba ya iya kamawa. Ni ma ba gwara ba ce, don 'yar fari ce ni, tsakanina da Baba sai gaisuwa da aike.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki shayi na kai gareji. Ina shiga na ga abin da ya tsinka mini zuciya. Baba ya naɗe hannun riga, giranda, injin gogar ƙarfe, na kuka a hannunsa, bakinta na cikin rami na shida. Surajo na tsaye daga baya, hannuwa a harɗe, gumi na zuba har cikin idonsa.

Daga baya na ji yadda aka yi. Baba ya leƙo, ya shafa ramukan biyar da yatsa, ya yaba, sannan ya ce a ba shi na ƙarshen ya sa albarka. Surajo kuwa ya miƙa masa da hannu biyu.

Hannun Baba ba ya rawa ko kaɗan, gwani ne, wannan ba musu. Amma ƙarfen da ya saba da shi na manyan motoci ne, mai kaurin da za ka yi ta ci ba ka kai ko'ina ba. Ina kallo ƙurar ƙarfe na zubowa a kan benci, jan fentin nan yana raguwa. Baba ya ɗauka fentin alamar inda ya kamata a ci ne.

Na dubi Surajo, na zare masa ido. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya matso taku ɗaya, ya yi gyaran murya, ƙarar giranda ta haɗiye ta. Da ƙyar ya iya cewa, “Sannu da aiki, Baba.” Wallahi ji na yi kamar in sheƙa masa shayin a ka. Amma ni ma da ke wannan fushin, tire na riƙe ƙam, harshena ya ƙi motsi. Filogin girandar yana nan dab da ƙafata, ban zare ba.

Sai ƙarar ta canza, ta yi wani kaifi. Baba ya ɗaga hannu nan take ya kashe. Baƙar tsatsa ta zubo daga ramin. Ya ɗauki tocila ya haska, muka ga huda a rufin, ba ta fi ƙwayar dawa ba. Tun farko Mista Odell ya faɗa cewa walda ba ta zama a irin wurin nan.

Surajo ne ya fara magana, yana kallon ƙasa. Ya ce ai dama wurin ya riga ya ruɓe, ko waye ya taɓa sai ya huje. Baba ya juya. Idonsa ya kai kan tsagaggen kan da ke gefen benci, ya ɗauka, ya ga jan fentin a daidai wurin, ya ga siririn bangon. Ya daɗe yana jujjuya shi. Ban taɓa ganin tsufa a fuskar mahaifina ba sai ranar, tausayinsa ya kama ni har na manta fushin.

Ya ajiye ya shiga gida. Surajo ya zauna a kan taya, ni kuma na fita bayan gida na yi kukana.

Bayan azahar Baba ya fito cikin babbar riga da hula, irin shigar da yake yi in zai je ta'aziyya. Ya tsaya a ƙofar gareji ya ce a tayar da mota a kai shi wurin mai kan injin. Shi ya ɓata, shi zai faɗa da bakinsa, ni in yi masa tafinta.

Surajo ya miƙe. Ya zo ya tsaya tsakanin Baba da motar, ya ɗaga kai ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu.

“A'a, Baba. Ni aka ba wa amana, ni na san wurin, ni na yi shiru. Ba za ka je ba.”

Baba ya tsura masa ido.

“Ashe ka iya faɗin a'a,” ya ce a hankali. “Da safe na buƙace ta, ɗana.”

Surajo ya naɗe kan injin a tsohon bargo, ya rungume shi ya sa a bayan mota. Ni da Baba muka tsaya a bakin hanya har ya sha kwana ya nufi East Greensboro shi kaɗai.