Kifi Ɗaya, Masunta Goma Sha Bakwai

Ɗakin da nake ɗaukar hoto a ciki ba nawa ba ne ni kaɗai. Na gidanmu ne, shi ne mai kallon titi, kuma tun da Baba ya rasu maganar gida a hannun yayana Inusa take. Shekara goma sha ɗaya ina zaune a ɗakin nan bai taɓa ce mani komai ba, sai bana. Ya same ni da hantsi ina kakkaɓe labulen nan mai zanen jirgin sama, ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba.

"Yahaya, jiya mutum nawa suka shigo nan?"

"Biyu, Yaya."

"Ɗayan ni ne. Aron tsintsiya na zo."

Ban musa ba, don gaskiya ce. Ya ce ya yi magana da wani a Maraɗi kan injin niƙa, kuma duk gidan babu ɗakin da ya dace da inji sai wannan. Ya ba ni zuwa ƙarshen wata mai kamawa. In mutane ba su fara shigowa ba, in kwashe kayana in koma lambu.

Salula ce ta kashe mu. Kowa da kyamararsa a aljihu, yarinya ta murguɗa baki ta ɗauki kanta sau hamsin ba ta biya kowa ba. Abin da ya rage mani hoton kardante, wato katin shaida, sai na ƴan lekol lokacin jarrabawa. Ba zama na yi ba, na gwada talla. Na sa mai shela ya zagaya kasuwa yana kiran sunana, mutane suka ce sun ji, sun gode. Na sa aka yi mani sabon allo, mai fenti ya zana kyamara ta fito kamar rediyo, har mutum biyu suka kawo mani gyara.

Ana haka, wata safiya na ji hayaniya daga wajen tabki. Taubashina ne, wani masunci da ake ce wa Gwamna, ya kama giwan ruwa. Na daɗe a Madarumfa, amma irin wannan ban taɓa gani ba. In ka tsayar da shi yana kai wa babban mutum ƙirji. Gwamna ya zura masa igiya ta baki ya ɗauro shi bayan amalanke, mutane na biye. Na tare hanya.

"Bawana, sauke nan in ɗauke ka, jikokinka su san ka taɓa yin abin kirki sau ɗaya."

"Kai ne bawan. Nawa za ka biya ni?"

"In na ɗauke ka kyauta ai na biya. Wannan fuskar taka kyamara wahala take sha."

Ya sauke. Na tsayar da shi jikin bangon shago ya rungumi kifin, na ɗauka. Ina nuna masa a gilashin kyamara sai Aminu tela, maƙwabcina, ya leƙo ta kafaɗata. Aminu ko ruwan kwata ya gani sai ya zagaya. Ya ce shi ma a ba shi ya riƙe. Na ce dala ɗari. Ya ce ya yarda. Bayansa wanzami, bayan wanzami sai wani ma'aikacin meri, ofishin magajin gari, da ya tuɓe rigarsa ya naɗe wando don a ce daga ruwa ya fito. Kafin azahar na ɗauki mutum goma sha bakwai. Har Yaya Inusa ya fito ya ga taro, ya yi ta tsaki, daga baya ya ce to a ɗauke shi ma, amma da sauri. Gwamna dai bai saki igiyar ba ko sau ɗaya. Ya ce bai yarda da mutanen gari ba.

A ranar na gane abin da salula ba ta yi. Mutum yana son a gan shi babba, a takarda, a bango. Na ce waɗannan manya za a wanke su, in jera su waje kowa ya gani. Injina ƙarami ne, na kardante, don haka na ba wani direba ya kai Maraɗi. Can kuma sai aka ce injinsu ya tsaya, ana jiran wani ƙarfe daga Kano. Kwana goma sha takwas hotunan suka yi.

Cikin kwanakin nan sarkin ruwa ya rufe tabki, kamar yadda ake yi don kifi ya hayayyafa. Ba koma, ba ƙugiya, ba gorar shiga ruwa, har sai an yi shelar buɗewa. Na ji shelar rufewar da kunnena. Amma ni ba masunci ba ne, ta shiga ta nan ta fita ta can.

Hotuna suka iso ana gobe kasuwa. Da sassafe na ɗaura igiya daga ƙofar shago zuwa icen dogon yaro, na rataye su duka goma sha bakwai. Sun yi kyau, ba yabon kai ba. Mutane suka taru har amalanke ba ta iya wucewa. Ina ta murna, ina satar kallon ƙofar gida ko Yaya zai fito ya gani.

Sai na lura waɗanda suka fi daɗewa tsaye ba dariya suke ba. Masunta ne na ƙauyukan bakin tabki da suka zo cin kasuwa. Wani dattijo cikinsu, Malam Isa, yana bin hotunan ɗaya bayan ɗaya da sandarsa yana ƙirgawa.

"Kai ne mai hoto?"

"Ni ne, Baba. A ɗauke ka?"

"Mu mako biyu muna cin tuwo da miyar kuka lami, mun rataye komarmu. Ashe mutanen gari su ke kwashe manyan kifin. Har da tela."

Na buɗe baki zan yi bayani, ya riga ya juya. Babu kwanan wata a jikin hoton ko ɗaya. Ban taɓa sa kwanan wata a hoto ba, wa ya taɓa tambaya? Kafin kasuwa ta watse saƙo ya zo: sarkin ruwa yana neman mai hoto da duk wanda ke cikin hoton, gobe da hantsi, a ƙofar gidansa.

Na ɗauka abin mai sauƙi ne, in je in faɗi gaskiya in dawo. Sai ga Aminu tela da la'asar, ya shigo ya turo ƙofa.

"Maƙwabci, don Allah gobe kada ka ce kifin Gwamna ne."

"To na wa zan ce?"

"Ka yi shiru kawai. In tara ce zan biya."

Ashe tun ranar ya ɗauki hoton da salularsa daga gilashin kyamarata ya tura wa surukansa a Gabi, ya ce shi ya kama. Surukinsa shekara tara yana cewa ya ba da ɗiyarsa ga wanda bai iya ɗaukar abin da ya fi allura nauyi ba. Yanzu kuwa tsohon yana yawo da hoton yana nuna wa mutane a masallaci. Bayan Aminu, wanzami ya zo da irin wannan roƙo, sai ma'aikacin meri. Mutum biyar suka gwammace a kira su ɓarayin kifi da a ce aro suka yi.

Na tsaya ina tunani. Mai hoto kamar wanzami ne, yana ganin abin da ke ƙarƙashin hula, ba ya faɗa. In na kunyata su, su ne mutanen da suka fara shigowa shagona bayan shekara biyu. Ina cikin haka Yaya Inusa ya shigo, wannan karon har ciki.

"Na ji an ce ni ɓarawon kifi ne."

"Yaya, ai kai ka ce a ɗauke ka."

"Na ce a rataye ni bakin titi? Ka ji ni da kyau. In gobe ba ka wanke sunan gidan nan ba, ba sai ƙarshen wata ba. Jibi inji zai shigo."

Shi ke nan, tunani ya ƙare. Aminu maƙwabci ne, amma ba shi ke da ɗakin ba.

Washegari ƙofar gidan sarkin ruwa ta cika. Masunta gefe guda, mutanen hoto gefe guda kowa ya sunkuyar da kai, ƴan kallo sun fi kowa yawa. Sarkin ruwa tsoho ne mai ƙaramin jiki, ba ya ɗaga murya. Malam Isa ya faɗi ƙararsu tsaf. Sai sarki ya dube ni.

"Mai hoto, me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, a ba ni tabarma."

Aka shimfiɗa. Na jera hotunan yadda na ɗauke su, daga na farko zuwa na ƙarshe. Na ce Malam Isa ya matso, tunda shi ya san kifi.

"Baba, dubi wutsiyar wannan. Ka ga inda ta tsage?"

"Na gani."

"To bi sauran."

Ya bi da sandarsa. Wutsiya goma sha bakwai, tsaga ɗaya, wuri ɗaya. Na ce ya dubi na farko, kifin yana ƙyalli, a miƙe. Ya dubi na goma, ya fara lanƙwasa. Na goma sha bakwai kuwa, wanda wani mai shayi ya riƙe, ƙudaje sun fi ɓawon yawa, shi kansa mai shayin ya kau da hanci. Na ce sannan a duba gefen kowane hoto, ta hannun dama. Ga hannu nan, baƙi, riƙe da igiya.

"Hannun wa ke nan?" in ji sarki.

Gwamna ya ɗaga nasa daga cikin taro. "Nawa ne, ranka ya daɗe. Da na saki da yanzu tela ya ɗinka masa riga ya ajiye shi a gida."

Wurin ya kece da dariya. Malam Isa ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta ƙi. Ya dubi Aminu ya ce, "Ɗana, da ganin yadda ka rungume shi kamar jaririn wani, ya kamata in gane."

Sarkin ruwa ya bari aka lafa. Ya ce shi tun jiya ya gane kifin, don kwana uku kafin ya rufe ruwa Gwamna ya kawo masa kan, kamar yadda ake yi in an kama babba, a gidansa aka dafa shi. Amma in shi ya faɗa za a ce ya kare mutanen gari, shi ya sa ya bar ido ya gani. Sannan ya juyo kaina.

"Kai kuma laifinka daban. Mutane sun ɗaure ciki suna jiran ruwa, ka rataya masu kifi a hanci. Ka sauke su yau. Ba za a ƙara rataye hoton kifi ba sai an buɗe tabki. In an buɗe, ka rubuta rana a jiki."

Na ce na ji, na bi. Talla ɗaya da ta taɓa yi mani aiki a duniya, an ce in sauke. Na tattara hotuna na nufo shago, Aminu ya wuce ni ko kallo babu.

Ina kwance igiya daga jikin dogon yaro na ji sallama. Malam Isa ne, da mutanensa su takwas.

"Mai hoto, wata magana. Shekara hamsin ina cikin ruwan nan. Tela yana da hoto da kifi, ni ba ni da shi. Wannan daidai ne?"

"Ba daidai ba ne, Baba. Amma ka ji hukunci, babu kifi."

"Wa ya ce maka kifi? Kifi kowa na iya aro, ka nuna mana yau. Gorata zan kawo da komata. A ga ko tela zai iya riƙe su yadda ake riƙewa."

Ranar kasuwa ta gaba suka zo da kayansu a kan amalanke biyu: gora manya, koma, filafili, wani har da tsohon kwalekwale da ya ce na kakansa ne. Na cire labulen jirgin sama, muka tafi bakin tabki, na riƙa tsayar da su ruwa na bayansu, ƙafa ba ta taɓa shi ba. Na sami ɗan allo da alli ina rubuta rana, ana jingina shi gefen ƙafar mutum. Da masu lambu suka ga haka suka ce su ma ai suna da kabeji da albasa. Wata mata mai suyar kifi ta ce a ɗauke ta da kaskonta, babu kifin, ta tura wa ɗanta a Agadas. Waɗannan kam na rataye su, babu wanda ya hana, kuma duk wanda ya ga ɗan ƙauyensu a igiya sai ya tambayi kuɗin.

Ana saura kwana huɗu wata ya ƙare, Yaya Inusa ya zo. Sai da ya tsallake gora uku da buhun albasa kafin ya kai ƙofa. Ya tsaya yana kallon layin mutane.

"Kullum haka ne, ko ranar kasuwa kaɗai?"

"Ranar kasuwa ya fi, Yaya. Sauran kwanaki mutum biyar, shida."

Ya leƙa cikin shago. Sannan ya ce mai injin ya duba ya ce rumfar bayan gida ma za ta yi, in an yi mata rufi da daɓe.

"Kai za ka yi daɓen," in ji shi. "Ranar Juma'a bayan masallaci. Kada ka ce mani kana da mutane."

Na ce to. Ranar Juma'a na kwaɓa siminti har la'asar, bayana kamar zai ɓalle, mutum uku na zaune kan benci da komarsu suna jirana.