Dodon da Goggo Ta Kasa Gaisarwa

Tun da hanyoyi suka lalace, har zuwa Gummi ya zama tafiyar da mutum ke neman gafarar 'yan gida kafin ya kama ta, matasan Anka suka rasa inda za su kai la'asar ɗinsu. Wasu suka koma gidan kallon ƙwallo. Wasu suka koma gulma, wadda ba ta buƙatar wutar lantarki. Kamilu kuwa ya dawo daga jami'a a Sakkwato da takardar digirin da babu wanda ya tambaya, da wani wasa da kowa ya yi ta tambaya.

Wasan labari ne. A shimfiɗa tabarma, a zana taswira a bayan kwali, kowa ya ɗauki murfin kwalba ya ce shi ne jaruminsa. Mutum ɗaya ke jan labarin, shi ke ƙirƙiro daji da kogi da dodannin da za su tare hanya. In jarumi zai kai sara ko zai tsallake rami, sai mai shi ya jefa ƙwayar lido, abin da ta nuna shi ne hukunci. Mai jan labari yana zama a kan kujerar wata tsohuwar mota da aka jingine a zaure, kuma Kamilu ne a kanta tun ranar farko. A duk faɗin garin, nan ne kaɗai wurin da in ya buɗe baki ake yin shiru.

Matsalar ita ce zauren na Goggo Tasalla ne, yayar mahaifinsa. Ta yi makonni tana wucewa da ƙwarya tana cewa ƙattin banza sun zauna suna tatsuniya da rana. Wata Jumma'a ta ajiye ƙwaryar, ta ɗauki murfin kwalbar man zafi, ta ce ita tsohuwa ce mai sayar da daddawa, makaminta muciya. Daga ranar wasan Kamilu ya shiga uku.

Goggo ba ta faɗa. Gaisuwa take yi. Kamilu ya ƙera kura mai kai biyu, ya tsara mata cizo da tsalle da wari mai sumar da doki. Goggo ta dubi gunkin yumɓun ta ce, "Sannu da rana. Ina gajiya? Ina mutanen gida? Ke ɗiyar wa ce cikin kurayen dutsen ga?" Kafin a ankara ta gano kakar kurar da kakarta rijiya ɗaya suka sha, kura ta zama taubashiya, taubashiya kuwa zagi ake yi da ita, ba a cizo. Sarkin aljanun fadama ya tashi da alkawarin daddawa. Wani ɗan dodon ruwa da ya tare mashigi tun a makonta na farko, ko kallonsa ba ta yi ba, ta shaida wa jama'a cewa ɗan farinta ne da kogi ya tafi da shi, ɗa kuwa ba ya tare wa uwarsa hanya. Aka wuce. Ƙwayar lido ko sau ɗaya ba ta taɓa ba. Ta ce kayan 'yan caca ne, ko da an yi mata bayanin babu kuɗi a ciki.

Gwadabe mai gyaran waya, wanda jaruminsa ke ɗauke da takobin da ya kusa tsatsa don rashin aiki, shi ya fara gajiya.

"Malam mai digiri," in ji shi, "mu yaƙi munka zo yi, ba zumunci ba. Dodanninka duk sun zama dangin Goggo. In an yi suna gidan ga ina za mu zaunar da su?"

Hidaya, ƙanwar Kamilu, mai jarumar maharbiya, ta kwashe da dariya har kibiyarta ta tsinken tsintsiya ta faɗi.

"Ga magana ɗaya," Gwadabe ya ci gaba. "Jumma'a mai zuwa, in Goggo ta wuce ba ta jefa ƙwaya ba, ka sauka daga kujerar ga in hau. Ni dodona ba ya amsa sallama."

"Na yarda," in ji Kamilu, tun kafin hankalinsa ya iso wurin.

Goggo ta tattara ƙwaryarta. "Ku dai yi mashi wanka kafin in zo," ta ce. "Na wancan mako ƙazami ne."

Kamilu ya kwana yana murna, ya tashi yana tsoro. Ya zauna bayan ɗaki da curin yumɓu da Hidaya a gefe tana tsinkar zogale, yana ƙerawa yana rushewa. Ya ce zai yi dodo marar baki. Hidaya ta ce Goggo za ta gaida matarsa. Ya ce kurma. Ta ce ai Goggo da kurman bakin kasuwa hira suke yi da hannu har a kira sallah. Ya ce to wanda zai faɗo daga sama ya danne ta tun ba ta yi sallama ba.

"Wannan zalunci ne, Yaya. Kai kac ce kowane dodo sai an bar mashi ƙofa."

Gaskiya ne, shi ya faɗa. Dokokinsa ne, kuma yana alfahari da su fiye da digirin: abokin gaba sai yana da abin da yake so, sai yana da ƙofar da mai wayo zai bi ya kayar da shi, kuma mai jan labari ba ya cin nasara da ƙarfin kujera. Dodon da ba shi da ƙofa ba dodo ba ne, gini ne. Irin wannan ko gwamnati ta iya yi, ba ya buƙatar basira.

Ranar Laraba amsar ta shigo gidan da ƙafarta, a kan babur, daga Bukkuyum.

Goggo na tsakar gida tana yi wa wata mai tallan manshanu wankin babban bargo a kan mudu, maganarta na fita kamar injin niƙa, sai aka yi sallama da wata murya mai kauri. Bilyaminu ne, ɗanta na fari, dillalin shanu, mutum mai furfura a gemu da 'ya'ya har da jika. Injin bakin Goggo ya mutu nan take. Goggo ta ja mayafi, ta juya ta fuskanci bangon rumbu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa wa rumbun da "lafiya" guda ɗaya, a ciki-ciki. Can ta ce wa iska, "A hwaɗa wa wancan akwai hura cikin ɗaki."

Kamilu yana ganin wannan tun yana yaro, bai taɓa lura da shi ba sai yau. Kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana sai ta bakin wani. Matar da ta mayar da kura 'yar'uwa, ga mutum ɗaya a duniya da bakinta ba ya aiki a kansa. Sai kuma ya tuna ɗan dodon mashigi.

Ya yi tsalle har ya taka zogalen Hidaya. Ya bi Bilyaminu ɗaki, ya same shi da ludayi a baki.

"Yaya, ka iya ƙara irin ta bijimi?"

"Ni da ke kwana cikinsu? Lafiya kake?"

Kwana biyu Kamilu bai san abin da ya ci ba. Ya ƙera gunki mafi girma da ya taɓa yi, ya sa masa suna Jangeme: ɗan dodon ruwan ne ya girma a ƙarƙashin ƙasa, cikin ramukan masu haƙar zinariya. Jikinsa dutsen da aka fasa, hannayensa bel ɗin injin niƙa, idonsa ɗaya tal a goshi kamar tocilan mahaƙa. Numfashinsa ƙura ce mai nauyi wadda ba ta kashe jarumi a wurin, sai ta bi shi gida a cikin riga. Nan ya ɗan tsaya. Babu wanda ya girma kusa da Dareta, ƙauyen da ƙurar dalma ta kashe wa yara, da zai ji wannan ya yi dariya. Ya bar shi, don dodo na gaskiya sai ya taɓa inda ke ciwo. Ya ba shi abin da yake so: uwar da ta ce nata ne, ta wuce ba ta waiwaya ba. Sannan ya bar ƙofar a buɗe, ƙatuwa, kowa na ganinta.

Ranar Jumma'a bayan la'asar zauren ya cika har da masu leƙe ta taga, don Gwadabe ya gayyato shaidun hawansa kujera. Kamilu ya ja su cikin rami, ya rage murya, ya sa suka ji ɗigar ruwa da ƙarar ƙasa na zubowa. Sai ya yaye ƙyalle daga kan gunkin, ya ce ga Jangeme.

"Kai!" in ji Gwadabe, ya manta da adawa. "Na sare shi! Ba ni ƙwaya!"

Ya jefa, ta ba shi biyar, aka yi ihu. Kamilu ya ce takobin ya shiga dutse ya maƙale, bel ya naɗe ƙafar jarumin, Jangeme ya ɗaga shi ya riƙe a bakin rami mai zurfi. Hidaya ta harba, kibiya ta fasa gefen idon, ƙura ta turnuƙe. Masu taga suna ta ba da shawarar da ba a tambaye su ba.

Goggo ta gyara zama, ta tura murfin man zafinta gaba cikin natsuwar wadda ta saba.

"Salamu alaikum, mai ramin ga. Ina wuni? Kai ɗan wa—"

Daga bayan ƙofar zaure wata murya ta taso, mai kauri, har tabarma ta ɗauka.

"Inna. Ni ne."

Bilyaminu ya shigo ya tsuguna a bayan gunkin, yana ƙoƙarin haɗiye dariya cikin gemu.

"Ni ne wanda kika bari a mashigi, Inna. Kin ce ni naki ne."

Zauren ya fashe da dariya. Hidaya ta kwanta a tabarma. Goggo kuwa tuni mayafi ya rufe rabin fuskarta, idonta na kan bango.

"Ga ƙofa, Goggo," in ji Kamilu. "Ki dube shi, ki kira sunanshi, ki ce ya aje Gwadabe. Zai aje. Ba ƙwaya, ba komai."

"A hwaɗa wa wancan," in ji Goggo ga bango, "ya saki ɗan mutane."

"Ba ya jin kowa sai uwarshi."

"Hidaya, hwaɗa mashi."

"Na hwaɗa, Goggo, ya hura man ƙura!"

"Goggo, don Allah!" Gwadabe ya miƙe tsaye, gumi na bin wuyansa. "Suna ne kawai! Jangeme! Ga shi na hwaɗa! Zai sake ni cikin rami!"

"Rufe man baki, mai gyaran waya. Kai uwarka ta taɓa kiran yayanka?"

"Yatsa ɗaya ya saki," in ji Kamilu. "Ƙafar na zamewa."

"Inna," in ji Jangeme, a hankali wannan karon. Bilyaminu ya daina dariya.

Goggo ta buɗe baki. Kowa ya ga ta buɗe. Ta rufe. Ta dubi Kamilu da wani kallo da ya tabbatar masa tuwonsa na daren nan ba zai ga man shanu ba.

"Ɗan banza mai kan littafi," ta ce. "Muciyar tawa tana nan?"

"Tana nan, Goggo. In kika samu huɗu ko fiye, kin buge hannun, Gwadabe ya faɗo gefe."

"Miƙo man abin 'yan cacan."

Ihun da aka yi ya sa awaki suka watse a tsakar gida. Ta karɓi ƙwayar da yatsa biyu kamar mataccen ƙwaro, ta yi bisimilla, ta wurga ta da ƙarfin mai jifar kaza. Ƙwayar ta bugi bango, ta gangaro ta tsakanin ƙafafu, kowa ya bi ta da kai, ta tsaya a gaban gunkin.

Biyu.

Muciya ta wuce ta gefen hannun. Jarumin Gwadabe ya tafi ƙasa da burinsa na kujera, a jifa ɗaya. Gwadabe ya dafe kai yana salati, sannan ya kama hannun Kamilu yana girgizawa yana cewa wallahi bai taɓa mutuwa mai daɗi irin wannan ba. Kamilu ya jingina da kujerar tsohuwar motar. Bai taɓa jin laushinta ba sai yau.

"Ba ta zauna daidai ba," in ji Goggo. "Ƙasar ga ba ta da kyau. Maido ta in sake."

"Sai zagaye ya dawo kanki, Goggo. Ga shi an kusa kiran magariba."

Ta riƙe ƙwayar a tafin hannu, ta ƙi bayarwa. Bilyaminu ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce bari ya je ya duba babur, gobe da sassafe zai koma Bukkuyum. Goggo ta ƙulle ƙwayar a bakin zanenta, ta juya ga bango.

"A hwaɗa wa wancan," ta ce, "shanu ba su gudu. Ya zauna har Jumma'a. Ban gama da shi ba."