Gurgun Wakili

Shekarar da aka fara aika wasiƙa ta kwamfuta a Kano, Lurwanu ɗan Karaye na cikin waɗanda aka koya wa aikin. Maigidansa ya ba shi wata takarda ya mayar da ita Hausa, don a riƙa yi wa mutane bayanin abin da ke ɓatar da saƙo. Abin kamar cigiyar gida ne. Akwai babbar na'ura mai riƙe da sunaye, in ka tambaye ta wane, sai ta nuna wata ta ce ga wakilinsa can. Wani lokaci a je wurin wakilin a rasa amsa. Turawa gurgun wakilci suke ce wa wannan.

Kalmar ta tsaya wa Lurwanu a wuya, domin yana da gurgu a gida, kuma ya ci amanarsa.

Kawu Ilu mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwar Karaye, cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana yaro. A rumfarsa mutanen ƙauyuka ke karɓar wasiƙunsu. To, bara Safara'u, 'yar Gwaggo Laure ta Jajaye, ta nemi makarantar ungozoma, ta ba da adireshin ofishin Lurwanu. Aka shirya in takardar kira ta zo ya aiko wa Kawu, shi kuma ya tura Jajaye. Takarda ta zo, Lurwanu ya jefa ta aljihun tebur, bai sake tunawa ba sai da ranar ta wuce. Da aka tambaye shi ya ce ai ya aiko. Gwaggo Laure ta ce a gaban mutane, wanda ya aiki gurgu shi ya so jira. Tun daga nan mutanen Jajaye suka janye wasiƙunsu daga rumfar.

Ran Asabar Lurwanu ya zo gida, takardar Safara'u na aljihunsa. Ya durƙusa ya gai da Kawu, aka tambayi mutanen birni, sannan ya kawo zancen aikinsa. Da ya zo kan kalmar sai ya yi ƙasa da murya.

“Faɗi mana, ɗan boko,” in ji Kawu, yana hura ƙurar wata rediyo. “Gurgu suka ce? Ai sunana ne, ba zagi ba ne. Sai dai Turawan nan ba su san gurgu ba. Gurgu yakan makara, amma yana isa. Wannan na'urar taku tana isa?”

“Ba ta isa, Kawu.”

“To ba gurguwa ba ce. Kuma cuta uku kuka haɗa wa suna ɗaya. In wakilin ya tashi daga gidan, ana ta nuna wa baƙi ƙofarsa, wannan nunin kango ne. In an naɗa shi ba a gaya masa ba, ka je ya ce bai san zancen ba, naɗin bayan ido ke nan, laifin mai naɗi ne. Rubuta mana, ko biron ma gurgu ne?”

Lurwanu ya rubuta.

“Na ukun fa?”

Kawu ya ajiye sukundireba. “Na uku yana nan, da ƙafafunsa biyu, ya karɓi saƙo ya yi shiru. Wannan ban san sunansa ba. Ko kai ka sani?”

Lurwanu ya sa hannu a aljihu. Ya zaro takardar Safara'u ya ajiye a kan benci. Kawu bai ko buɗe ta ba.

“Shekara ashirin ina karɓar wasiƙa, ko ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Na san inda ta kwana. Cewa na yi bakin Laure ya fi sauƙi a kaina, kai sabon ma'aikaci ne.”

“Kawu, ka yafe mini.”

“Ni na yafe tuni. Amma ba sunana ne a jikin ambulan ba.”

Lurwanu ya soke kalmar Turawa da biro, ya bar gurbin na uku babu komai. Ya ɗauki takardar Safara'u, ya ari babur ɗin maƙwabci, ya tambayi hanyar Jajaye wadda ruwa bai cinye ba.

“Bi ta Rogo,” in ji Kawu. “Ta fi nisa, ka samu lokacin shirya bakinka. Laure ba ta gajarta zance.”