Sojoji Biyu a Ƙofar Mis Ernestine

"Ajiye shi nan inda zan gan shi. Wa ya aiko?"

Ina tsaye da kwanon makaroni da cuku, zafinsa na ratsa tsumman da na riƙe shi da shi. Na ce matar fasto ce.

"Matar fasto." Mis Ernestine ta kafe ni da ido daga kan gadon asibitin da aka kafa mata a falo, jikin taga. "Jiya soyayyiyar kaza daga gidan Hatcher. Shekaranjiya burodin masara. Geraldine, a layin nan yaushe ake kai wa mutum kwano a rufe?"

"In an yi haihuwa."

"Kin ga na yi kama da mai jego?"

Na san amsar, ita ma ta sani. A layin Pecan, gidan rasuwa ake kai wa kwano. Kuma gaskiyar ita ce domin ta ake dafa su. Ciwon daji ya gama cin ƙarfinta, Yolanda mai jinyarta ta ce kwanaki suka rage, su kuwa matan cocinmu ba su iya jira ba, tun mutum yana numfashi suke kunna murhu. Sai dai Ernestine ba ta taɓa saka kanta a sahun masu mutuwa ba. In har akwai gawa a gidanta, a ganinta ta Lamar ce, ɗanta tilo da ke can hamada a fagen yaƙi.

Garinmu a jikin barikin soja yake, kowane gida da nasa a can. Amma ita kaɗai ce ke wuni da talabijin a tashar majalisa. 'Yan majalisa sun ce ba za su saki kuɗin yaƙi ba sai an sa ranar dawo da yaranmu gida. Shugaban ƙasa ya ce duk dokar da ta zo masa da rana a jikinta, kujerar na-ƙi zai hau. Ernestine ta haddace sunayen sanatoci kamar jikokinta, kuma babu ko ɗaya da ta yarda da shi.

Ranar da Virgil Hatcher, tsohon saje maƙwabcinmu, ya zo gyara mata na'urar sanyaya ɗaki, bai ko ajiye akwatin kayan aikinsa ba ya fara.

"Su riƙe kuɗi? To da me yaran za su sami sulke? Sai a bar su tsirara a gaban abokan gaba?"

"Kai dai Virgil, ko tsintsiya aka sa wa kwat aka zaunar a fadar shugaban ƙasa, sara mata za ka yi."

"'Yan majalisar naki fa? Kumfar baki ce kawai. Ki zuba ido, za su sa hannu."

"Na san za su sa. Duk kanwar ja ce." Ta juyo gare shi a hankali. "Matarka ta aiko min kaza. Me kuka ji a bariki?"

Virgil ya sunkuyar da kai cikin na'urar, ya ce bututun ne ya toshe.

Lahadi ta zo, Lamar bai kira ba kamar yadda ya saba. Kowace uwa a garin nan ta san ma'anar haka. In aka kashe wani a rundunarsu, ana katse musu waya gaba ɗaya har sai an sanar da iyalinsa, sauran iyaye kuma su zauna suna kallon titi. Ni da Yolanda muna da wani zaton daban. Mun aika saƙon gaggawa ga kwamandansa ta hannun ƙungiyar agaji, cewa uwarsa na bakin mutuwa, a ba shi izinin zuwa gida. Ba mu gaya mata ba, don a watan Afrilu an ce mata zai dawo, ta sa aka yi wa ɗakinsa fenti, sai aka ƙara musu watanni. Tun ranar ba ta sake tashi da ƙafarta ba. Mu ma kuma babu wanda ya ba mu amsa. Shirun nan na iya zama yana cikin jirgi, yana iya zama ɗayan.

"Ƙus-ƙus ɗin me kuke yi a kicin?" ta ɗaga murya. "Geraldine, zo nan."

Na zo. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushinta, don ta mai da ni kamar ɓarauniya a gidan da na yi shekaru ina shiga ba sallama. Na fasa ƙwan, na gaya mata komai.

Ta saurara har ƙarshe, sannan ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Wa ya tsara muku wannan? Fasto?"

"Na rantse miki."

"Sojan da ya ce Afrilu shi ne zai sakar min yaro don tsohuwa na ciwo? Ku dai kuna so in haɗiye maganina in yi shiru. Idona biyu, Geraldine."

Daga ranar ta daina cin duk abin da ya fito daga kwanon maƙwabta. Kwanukan suka cika firji har muka fara kai wasu gidana.

Da safiyar Juma'a labari ya fito cewa majalisa ta sauko. An saki kuɗin, babu rana. Ernestine ta kalli sanatan da ta fi jin zafinsa yana bayani, ta ce in kashe sautin, bakinsa kawai take so ta gani yana motsi. Muna cikin haka wata baƙar mota da ba mu sani ba ta shigo layin, tana tafe a hankali kamar mai duba lambobin gidaje.

Na ga labulen gidan Hatcher ya motsa. Matar da ke ban ruwan furanni a tsallake ta saki tiyo ta shige. Motar ta wuce gidana, ta tsaya a ƙofar Ernestine. Ƙofofi biyu suka buɗe.

Maganin ciwo ya riga ya dusashe mata ido, ga rana a bayan mutanen.

"Kaki ne?"

"Kaki ne."

"Su nawa?"

Masu kawo saƙon mutuwa su biyu suke zuwa kullum, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya riƙe ki in kin faɗi.

"Biyu."

"To," ta ce. Ba ta yi kuka ba. "Kar ki buɗe." Ta juya fuskarta ga bango ta rufe ido.

Aka ƙwanƙwasa. Na ja ƙafata zuwa ƙofa. Ta cikin ragar sauro na ga wani dogon yaro da ya rame, rana ta ƙone shi.

"Mis Geraldine, ina Mama?"

Lamar ne. Na biyun abokinsa ne da ya ɗauko shi daga filin jirgi, ya sauko don ya riƙe masa jaka. Daga baya Virgil ya ce da mun duba da kyau, masu kawo saƙon mutuwa kakin biki suke sawa, waɗannan kuwa na fagen fama ne a jikinsu. Wa ke duba irin kaki a wannan lokacin? Shi kansa Virgil a guje ya tsallako titi ba takalmi, yana yi wa abokin tsawa: "Ku biyu? Da kaki? A layin nan? Uwarka ba ta koya maka komai ba?" Abokin ya tsaya da jaka a hannu, sai a lokacin ya gane.

Lamar ya durƙusa a gefen gadon.

"Mama, ni ne. Mama, na zo. Buɗe ido ki gani."

Ba ta buɗe ba. Ya kama hannunta ya ɗora a fuskarsa, ya yi ta kira, ya tuna mata sunan karensu na dā, ya ce yunwa yake ji. Numfashinta na fita a hankali, haƙoranta a cije. Ban sani ba ko ta riga ta yi nisa ne, ko kuwa ta ɗauka mu ne muka sake shirya mata wata. Da la'asar ta cika.

Na same shi a matakalar baranda bayan an ɗauke ta. Izininsa zai ƙare jim kaɗan bayan jana'iza, ya koma.

"Mis Geraldine, ta ji ni kuwa?"

"Yolanda ta ce kunne ne ke tafiya a ƙarshe."

Ya gyaɗa kai. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa, ya cire, ya kifa shi a kan matakala. Wani farin yashi mai laushi, wanda ba irin na garinmu ba, ya zubo ya taru kusa da ƙafarsa.